Tutar Da Na Bari A Mararraba

Duk wanda ya ke kwalejin nan bara ya san abin da ya faru ran tseren ratsa daji, wanda mu ke kira kuros-kantiri. Baƙin da suka shigo bana kuwa na tabbata an riga an nuna musu ni da baki a ɗakin cin abinci, an ce ga mai doya can. To, tun da ya ke sunan ya bi ni, gara in ba da labarin da bakina, in kuma haɗa da abin da laifin nan ya sa na koya.

Ni dai ba magujin kirki ba ne. Tun muna makarantar mishan, in an busa usur aka ce a tsere, ni a kan ba ajiyar riguna. Saboda haka da Malamin Wasanni ya rarraba aiki bara, sai ya ba ni jar tuta, ya ce in tsaya a mararrabar nan ta bayan tsohuwar rijiya, in riƙa nuna wa masu gudu hagu. Ya ja mini kunne har sau biyu, domin a shekarun baya dama a ke bi, amma wani manomi ya shinge tsohuwar hanyar ya shuka rogo, aka sake wata ta gangaren rafi. Watau har tsofaffin ɗalibai ba su san sabuwar hanya ba, sai abin da tutata ta gaya musu.

Ranar kuwa hunturu ya buso sosai, sanyi har cikin ƙashi. Na tsaya ina karkarwa, sai na hangi hayaƙi a wata bukkar gona, ba ta fi yadi ɗari biyu daga inda na ke ba. Wani tsoho ne ke gasa doya. Ya ɗaga hannu ya ce, "Ɗan makaranta, zo ka ji ɗumi mana." Na yi lissafi a raina, na ce kafin su iso nan sai sun yi minti ashirin, ga shi ko usur ban ji ba. Ashe iska ce ta kaɗa ƙarar ta yi wani waje. Na soke tutar a ƙasa na tafi, iskar kuma ta kayar da ita. Baba ya ɓare mini doya mai zafi, na kai loma biyu ke nan sai na ji dirin ƙafafu. Kafin in iso mararraba mutum tara na gaba sun riga sun bi dama. Sauran na nuna musu hagu da hannun da ke riƙe da doya, abin da ya jawo mini suna ke nan.

A cikin taran nan, na gaba duka abokina ne, wanda gadonsa ke kusa da nawa shekara biyu. Shekararsa ta ƙarshe ce. A shekarar farko ya zo na biyar, a ta biyu ya zo na biyu, kullum asuba kuwa kafin a kaɗa ƙararrawa ya riga ya fita ya dawo jiƙe da gumi. Suka je suka ci karo da shingen rogo, suka yi ta neman mafita, suka kewayo ta bayan ƙauye. Ya shigo fili na goma sha huɗu. Malamai suka zauna suka soke tseren duka, ba a kuwa sake shi ba, gama 'yan ajin ƙarshe za su fita koyon koyarwa a makon da ke biye. Ku duba gindin kofin da ke cikin kabad a ofishin Shugaba, za ku ga an tsallake shekara guda ba suna.

Da dare na same shi yana wanke ƙafarsa da ƙaya ta yayyage. Na ce, "Ɗan'uwa, ka yafe mini." Bai ɗago ba, ya ce, "Doyar ta yi daɗi?" Bai ƙara cewa kome ba, har ya bar kwaleji gaisuwa kaɗai ke haɗa mu.

Washegari na je wurin Malamin Wasanni, ina tsammanin yankan ciyawa na mako guda. Na ce, "Ranka ya daɗe, ga ni." Ya dube ni ya ce ciyawa ba ta yi masa laifin kome ba. Horon da ya ba ni shi ne in tafi laburare in nemo asalin wannan tsere, in rubuto wa mujalla, domin a ganinsa wanda ya san darajar abu ba ya barinsa saboda doya. Ga abin da na samo.

Wasan nan na 'yan makaranta ne tun asalinsa, a ƙasar Ingila. Manyan mutanen can su kan yi farauta bisa dawaki da karnuka, yara kuwa da ba su da doki sai suka kwaikwayi abin da ƙafa. A kan zaɓi yaro ɗaya ko biyu a kira su zomaye, su riga fita da jaka cike da yagaggun takardu, suna tafe suna watsawa. Bayan ɗan lokaci sai a saki sauran, watau karnuka, su bi sawun takardun ta gonaki da shingaye da rafuka har su kamo zomayen ko su gaji. A makarantar Shrewsbury akwai littattafan da yara suka riƙa rubuta labarin irin wannan gudu tun 1831. Daga baya manya suka ɗauka. Waɗansu matuƙan kwalekwale na kogin Thames, da suka ga sanyi ya hana su shiga ruwa, sai suka soma gudu a dajin Wimbledon don kada jiki ya mutu, a 1868 kuma aka kafa ƙungiyar Thames Hare and Hounds, ma'anar sunan kuwa zomo da karnuka.

A 1876 aka shirya tseren farko na neman zakaran Ingila duka, a Buckhurst Hill, gefen dajin Epping. Mutum 32 suka tashi. Jama'a, ku ji abin da ya faru: dukansu suka ɓace hanya, ko ɗaya bai bi daidai ba, aka soke tseren. Da na karanta wannan sai na kwashe da dariya ni kaɗai, har mai kula da laburare ya buga tebur. Na ce ashe ina da magabata, nawa ma tara ne kawai. Amma da dariyar ta wuce sai na lura da abin da ya biyo baya. Ba su ce tun da daji ya ɓatar da mu a daina ba. Shekara ta kewayo, 1877, suka sake shiri, Percy Stenning ya ci, ya kuma ci gaba da ci har sau huɗu a jere. Tseren nan na Ingila yana nan har yau.

Babban tseren da na fi so in ba ku labarinsa shi ne na tsakanin ƙasashe. An fara shi ran 28 ga Maris 1903, a filin sukuwar dawaki na Hamilton Park a ƙasar Sikotlan. Ƙasa huɗu ne kacal suka shiga, Ingila da Sikotlan da Wales da Ailan, duk 'yan gida ɗaya. Alfred Shrubb na Ingila ya zo na ɗaya, ya sake ci a 1904. Faransa ta shigo a 1907, ba a jima ba ta fito da wani gwani, Jean Bouin, wanda ya ci sau uku a jere daga 1911 zuwa 1913. Shekara guda bayan haka aka kashe shi a Yaƙin Duniya na Farko, yana da shekara ashirin da biyar, kusan sa'ana. Yaƙin ya tsayar da tseren daga 1915 zuwa 1919, na biyu kuma ya tsayar da shi daga 1940 zuwa 1945. In ban da waɗannan, kowace shekara sai an yi.

A nan ya kamata in bayyana yadda a ke lissafin ƙungiya, domin mu ma shi mu ke bi tsakanin gidajenmu huɗu, kuma da yawanmu ba su gane shi ba. A kan ɗauki mutum shida na farko na kowace ƙasa a tara lambobin isowarsu. Wanda ya zo na ɗaya maki ɗaya ya jawo, wanda ya zo na arba'in ya jawo arba'in, ƙasar da jimlarta ta fi ƙanƙanta ita ta ci. Saboda haka ƙasa ta iya samun zakara ta kuma sha kaye, in mutuminta na shida ya tsaya tsinkar kanya a hanya. Da wannan lissafi Ingila ta riƙe kofin ƙungiya tun daga 1903, ba wanda ya karɓe shi sai Faransa a 1922. A tseren duniya na yanzu an rage, mutum huɗu a ke ƙirgawa.

Har a wasannin Olimfik an taɓa yin wannan tsere, amma abin bai ƙare da daɗi ba. A Faris, a 1924, aka yi shi cikin matsanancin zafi. Mutum 38 suka tashi, 15 kaɗai suka ƙarasa, waɗansu suka zube a hanya aka kwashe su. Paavo Nurmi na Finlan ya ci kamar ba abin da ya same shi. Tun daga ranar aka cire shi daga jerin tseren Olimfik.

To, yaushe mutanen Afirka suka shigo? Da farko sun shigo ne cikin rigar wani. Alain Mimoun, haifaffen Aljeriya, ya yi wa Faransa gudu ya ci sau huɗu, a 1949 da 1952 da 1954 da 1956. Mutumin nan soja ne a Yaƙin Duniya na Biyu, an ji masa rauni a ƙafa a Italiya har likitoci suka yi shawarar yanke ta. Da ƙafar nan ya yi duk wannan aiki. Tunisiya ce ƙasar Afirka ta farko da ta shiga da sunanta, a 1958. A 1960 aka koma Hamilton Park, filin da aka fara, sai Rhadi Ben Abdesselam na Maroko ya zo na ɗaya. Shi ne kuma ya zo na biyu bayan Abebe Bikila a gudun fanfalaki na Olimfik a Rum a wannan shekara. A 1966 aka kawo tseren Rabat, a 1968 aka kai shi Tunis, duka biyun kuwa ɗan gida ne ya ci. Mata an buɗe musu nasu sosai a 1967, Doris Brown ta Amurka ta ci biyar na farko a jere. 'Yan'uwanmu mata na kwalejin nan su kuma sani, Grete Waitz ta Norwe, wadda ita ma ta ci sau biyar tsakanin 1978 da 1983, malamar makaranta ce a birnin Oslo.

A 1973 hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta karɓi tseren, aka sake masa suna ya zama na duniya duka, aka yi na farko a Waregem ta ƙasar Beljiyam. Amma shekarar da ta fi tsaya mini a rai ita ce 1981, kuma ina roƙon malamanmu su karanta wannan wuri da kyau.

Dalili kuwa, bayan abin da ya faru bara, na ji waɗansu malamai sun kawo shawara a daina fita daji, a riƙa kewaya filin ƙwallo da gonar kwaleji sau shida, inda ba mararraba, ba kuma mai tuta da zai bi ƙanshin doya. Ba zan ɓoye ba, manyan tseren duniya ma haka a ke yinsu tun da daɗewa, a kan shata da'ira a filin sukuwa ko wani lambu a yi ta kewayawa don 'yan kallo su gani. To, a 1981 a Madrid, a filin sukuwa aka yi. Shekarar ce Habasha da Kenya suka fara kawo ƙungiyoyin manyan mazajensu. 'Yan Habasha suka taru a gaba kamar garken barewa, ba mai iya taɓa su. Sai suka yi kuskuren ƙirga kewaye. Suka saki dukan ƙarfinsu suka nufi ƙarshe, suna tsammani sun gama, alhali saura kewaye guda cur. Kafin su farga su sake tashi, waɗanda ke baya sun cim musu. Craig Virgin na Amurka ya ci, Mohamed Kedir ya tattaro abin da ya rage masa ya zo na biyu, tsakaninsu daƙiƙa biyu. Duk da haka Habasha ce ta ɗauki kofin ƙungiya. Shekara ta kewayo, a Rum, Kedir ya ƙirga daidai ya zo na ɗaya. Kun ga ashe ko an rufe mararraba, ɗan Adam ya iya ɓata a cikin da'ira.

Daga nan tseren maza ya koma hannun mutanen gabashin Afirka. Habasha ta riƙe kofin ƙungiya daga 1981 zuwa 1985, Kenya ta karɓa a 1986 ba ta saki ba sai bayan 2003, shekara goma sha takwas a jere. John Ngugi ya ci sau biyar. A 1989, a Stavanger ta Norwe, cikin taɓo mai kama ƙafa, ya ba na biyu ratar daƙiƙa 28. Paul Tergat ya ci biyar a jere daga 1995 zuwa 1999. Shi Tergat ya sha faɗi cewa yana yaro da yunwa ya ke zuwa makaranta, abincin rana da aka fara ba su a makaranta shi ya zaunar da shi a aji. Mu da za a tura ƙauyuka mu koyar, wannan magana ta fi lambobin nan duka amfani a gare mu. Sa'an nan Kenenisa Bekele na Habasha ya zo ya shafe su duka: daga 2002 zuwa 2006 ya ci dogon tsere da gajere kowace shekara. A 2007 zafin Mombasa ya kayar da shi, ya fita bai ƙarasa ba, Zersenay Tadese na Eritiriya ya ci. A 2008 a Edinbara takalminsa ya kwaɓe tun da wuri, ya tsaya ya gyara, ya bi su ya wuce, ya ci na shida.

Akwai wani guda da ban iya karanta labarinsa ba tare da na tuna abokina ba. Bayan 2011 an mai da tseren duk shekara biyu, a 2017 kuma aka kai shi Kampala, aka daidaita tsawonsa kilomita 10 ga maza da mata. Wani saurayi ɗan ƙasar, Joshua Cheptegei, ya fice gaba da nisa, mutanen garinsu suna ta sowa, kofi kamar ya riga ya shiga hannu. Saura ƙasa da kilomita guda sai jikinsa ya ƙi. Ƙafafu suka sandare, ya riƙa tangaɗi kamar ɗan yaye, waɗanda ya bari a baya suna wuce shi ɗaya bayan ɗaya. Geoffrey Kamworor na Kenya ya ci. Cheptegei bai fita ba, ya ja jiki ya ƙarasa na talatin, a gaban jama'arsa, ƙungiyar Uganda kuma ta zo ta uku. Bayan shekara biyu aka yi tseren a Aarhus ta Denmak. Mutanen can suka ce abin ya yi laushi da yawa, a komar da shi kamar na da, suka sa taɓo da ruwa da yashi, har da hawan rufin wani gidan kayan tarihi mai gangare da ciyawa a bisansa. A wannan muguwar hanya Cheptegei ya zo na ɗaya, Uganda ta ɗauki kofin ƙungiya.

Sai dai shi Cheptegei ya sami wata shekara. Kedir ma ya samu, mutanen 1876 ma sun samu. Abokina bai samu ba, domin ɗalibi shekarunsa ƙirgaggu ne, ni kuwa na cinye masa ta ƙarshe a bakin wuta. Na daɗe ina neman wani labari a littattafan nan da zai rage mini nauyin wannan, ban samu ba.

Game da shawarar kewaya filin ƙwallo, ga ra'ayina, ko da ya ke na san mai laifi ba shi da bakin magana. Laifin bara nawa ne, ba na daji ba. Wanda ya ratsa rafin nan da sanyin safiya, ya hau tudun bayan ƙauye yara suna binsa da ihu, ya san gonakin maƙwabtanmu da ƙafarsa, ya sami abin da kewaya fili sau shida ba zai ba shi ba. Yawancinmu kuma makarantun da za a tura mu ba su da filin tsere, ba su da ko ƙwallo mai kyau, amma ba wadda ba ta da hanyar gona a bayanta. Wannan ne wasa guda da ba ya bukatar kome sai ƙafa da malami mai tsayawa inda aka ajiye shi. In a nan ba mu koyi shirya shi ba, ina za mu koya? Abin da ya kamata, a zuba farar ƙasa a kowace kwana, a sa mutum biyu a kowace mararraba, a kuma zaga da masu gudu su ga hanya kwana guda kafin ranar.

Da na gama rubutun nan na kwafe shi na aika wa abokina can makarantar da ya ke koyarwa, ban sa ran amsa ba. Bayan mako uku sai ga 'yar takarda. Ya ce ya karanta, na yi kuskure wuri guda: shi na goma sha uku ya zo, ba na sha huɗu ba, in gyara. Na duba littafin Malam, na sha huɗu ne, amma ban mayar masa da wannan ba. Ya ce kuma ya fara fita da 'yan aji biyar da shida gudu ran Jumma'a da safe, akwai wata yarinya a cikinsu da ba wanda ke ganin ƙurarta. A ƙasan takardar ya rubuta, "In ka zo hutu ka zo da tutarka. Doya kuwa a gida za ka ci kafin mu fita."

Malamai sun yarda a sake gwada daji bana. Jiya Malamin Wasanni ya manna takardar rabon aiki a jikin allo, na duba na ga sunana a mararrabar bayan tsohuwar rijiya, ni da wani ɗan aji ɗaya. Na riga na je na gai da Baba mai gona, na roƙe shi kada ya hura wuta ranar sai tsere ya wuce, ya yi dariya har da hawaye ya ce ya ji. Tsere ran Asabar ta ƙarshen wata ne, ƙarfe bakwai na safe. In kun iso mararraba, hagu za ku bi.